Darasi na 7: Cefanen Bazara da Damina

Tsawon zama: awa 1 da minti 30, bayan an gama zubi an kulle akwati.
Lokacin da ya dace: cikin Fabrairu ko farkon Maris, tun kayan miya suna araha. A yi bita a watan Yuni.
Kayan aiki: allo da alli ko babbar takarda, wake cikin gwangwanin madara, da tire mai ɗauke da abin da ya yi yawa a kasuwa a wannan makon.

Abin da muke so kowa ta tafi da shi

1. Ta san watannin da kowane abinci yake araha a Kano, da watannin da yake tsada.
2. Ta san abin da za ta shanya a bazara, da abin da za ta dafa a damina.
3. Ƙungiya ta yanke shawara a kan sayen haɗin gwiwa guda ɗaya kafin ruwan farko.

Buɗewa (minti 10)

A buɗe da addu'a. Sannan mai jagoranci ta tambaya: a wane wata ne zubi ya fi yi mana nauyi? A bari kowa ta faɗi nata.

Iyayena da yayyena, duk ƙungiyar da na yi wa wannan tambaya, a Hotoro ne ko Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi, amsar kusan ɗaya ce: daga Yuni zuwa Agusta. Littafin zubi ma haka yake nunawa. Mai zuba hannu biyar ta koma biyu, mai biyu ta koma ɗaya, wata kuma ta daina zuwa don kunya. In kika bi diddigi, ba lalaci ba ne, ba kuma rashin niyya ba. Tukunya ce ta cinye kuɗin. Abin da maigida yake bayarwa na cefane bai ƙaru ba, amma kashin tumatir ya ƙanƙance, kwanon gero ya hau, sai uwargida ta ciko daga ribar sana'arta.

Mu yi ɗan lissafi. Lambobin na misali ne, kowa ta sa nata. A ce tsadar kayan miya ta sa kina ƙara naira 300 kullum. A kwana 90 ya zama naira 27,000. In zubinki naira 1,000 ne a mako, a mako 13 naira 13,000 kika zuba. Kin ga ke nan cikon da kike yi wa miya ya ninka abin da kika ajiye a akwati, kuma ba ki ji fitarsa ba don da kaɗan-kaɗan yake tafiya.

Darasin yau a kan wannan ɓarakar yake. Maganar kuwa guda ce: kasuwa tana da lokutanta kamar yadda gona take da su. A ci abin da ya yi yawa a lokacinsa, a ajiye abin da ya yi araha don ranar tsadarsa.

Kashi na ɗaya: Me ya sa farashi yake hawa da sauka? (minti 15)

Mu ɗauki tumatir, tunda shi ne ya fi ba mu wahala. Yawancin tumatirin da muke ci a Kano na noman rani ne. Daga Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure yake fitowa, inda ake ban ruwa da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Akwai kuma na wajen madatsar Watari a Bagwai, da na fadamun Jigawa da Katsina. Tumatir yana son sanyi. Ana dasa shi bayan an ɗauke ruwa, ya yi 'ya'ya a hunturu, shi ya sa daga Janairu zuwa Maris za ki ga kwanduna jibge a Kwanar Gafan, kan hanyar Zariya, da kasuwar 'Yankaba da ke kusa da mu. Manomi ba shi da inda zai ajiye shi, dole ya sayar ko ya ruɓe. Wannan ita ce arahar.

Da zafin Afrilu ya shigo, furen tumatir yana zubewa, 'ya'ya su ragu. Da ruwa ya sauka kuma, manoma su mayar da gonakin shinkafa da masara, ɗan wanda aka shuka a damina cuta tana yawan kama shi. Sai a koma jiran wanda ake kawowa daga nesa, kamar Filato, da kuɗin motarsa a kansa. Kuɗin mota kuwa kowa ta san yadda ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023. Wata shekarar ga tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda ta yi wa gonakin Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016. Ga kuma sallah: a 2024 da 2025 babbar sallah a watan Yuni ta faɗo, daidai lokacin da tumatir ya yi ƙaranci, kowa kuma yana neman sa.

Albasa ma da nata lokacin. Tana araha wajen Maris da Afrilu in an yi girbi, ta yi ta hawa har ƙarshen shekara. Hatsi kuwa, gero da dawa da masara da wake, da kaka suke sauka, daga Oktoba zuwa Disamba. A yawancin shekaru, damina ce lokacin tsadarsu, don na bara ya kusa ƙarewa, sabo bai iso ba.

Abin lura a nan: tsadar nan ba ba-zata ba ce. Kowace shekara tana zuwa, kuma mun san watanninta. Abin da aka san ranar zuwansa, ai ana iya yi masa shiri. Tun ran gini, tun ran zane.

Aikin rukuni: Kalandar kasuwarmu (minti 15)

A zana gida 12 a allo, kowane gida wata ɗaya. A raba mata rukuni uku. Rukuni na farko su ɗauki kayan miya, na biyu ganye da 'ya'yan itatuwa, na uku hatsi. Kowane abinci, a sa wake 3 a watan da ya fi araha, wake 1 a watan da ya fi tsada. Wadda ba ta karatun boko ba a bar ta a baya ba, wake ne ke magana. A ba dattawan cikinmu dama su fara, sun fi mu sanin shekaru. In an gama, magatakarda ta kwafe kalandar a bayan littafin ƙungiya.

Ga abin da galibi yake fitowa, don mai jagoranci ta gwada da nata:

- Hunturu zuwa ƙarshen rani (Disamba zuwa Maris): tumatir, tattasai, attaruhu, karas, kabeji, latas, dankalin Hausa, rake, tsamiya, goriba, magarya, aduwa.
- Bazara (Maris zuwa Mayu): mangwaro, kankana, yazawa, albasa, garin ɗorawa, ragowar tumatir.
- Damina (Yuni zuwa Satumba): zogale, rama, alayyahu, lalo, tafasa, yakuwa, ɗanyar kuɓewa, gauta, yalo, ɗanyar masara, ɗanyar gyaɗa, ƙwan zabi, nono.
- Ƙarshen damina zuwa kaka (Satumba zuwa Nuwamba): gero, masara, wake, gyaɗa, gurjiya, kabewa, gwaiba, ɗinya, daga baya dawa.

Kashi na biyu: Bazara, a sha a shanya (minti 15)

Bazara rana ce da ƙishirwa, zafi a Kano yakan kai digiri 40 a Afrilu. Allah da ikonSa, a lokacin ne mangwaro da kankana suke cika gari. Na farko-farko daga wajen Binuwai ake kawo shi, yana da ɗan tsada. A jira na gida ya nuna, irin su binta suga da paparanda da mai zare, lokacin da za ki gan shi a baro a kowane lungu. Mangwaro yana da sinadarin bitamin A, mai taimakon ido da ƙarfin jikin yara. Maganar da ake yi cewa mangwaro yana kawo zazzaɓi, ba haka ba ne. Sauro ne yake kawo zazzaɓin cizon sauro, ƙuda da rashin wanki ne suke kawo gudawa. A wanke shi, a wanke hannun yaro, a ba shi ya sha. Kuɗin da za a saya masa biskit ko lemon kwalba, a bazara mangwaro biyu zai saya.

Ga abin sha kuma, muna da kunun tsamiya, da zoɓo, da jiƙon goriba, da fura da nono. Duk kayansu na nan ne. A rage sukari, a tabbata ruwan da ƙanƙarar masu tsafta ne.

To amma babban aikin bazara shanya ce. Ranar da take ƙona mu, kyauta ce, ba ta neman gawayi ba ta neman wuta. Iyayenmu da ba su san firji ba, da ita suka riƙe gidajensu. Ga yadda ake kauɗa mai kyau:

1. A sayi tumatir nunanne mai tauri, mai tsoka. Kada a sayi fasasshe ko wanda ya fara ruɓewa don an ga araha.
2. A wanke, a bari ya tsane, a yanka biyu ko huɗu da wuƙa mai tsafta. A barbaɗa gishiri kaɗan.
3. A shimfiɗa a faranti ko sabon buhu a kan tebur ko benci, ɓangaren yankan yana kallon sama. Ban da ƙasa. Kauɗar da aka shanya a ƙasa ita ce take ɓata miya da tsakuwa.
4. A rufe da gidan sauro mai tsafta saboda ƙuda da ƙura, a shigar da shi ɗaki da yamma.
5. A riƙa juyawa har ya bushe sarai, in an matsa babu danshi. Kwanakin sun danganta da kaurin yanka da ƙarfin rana.
6. A zuba a bokiti mai murfi ko leda mai kauri, a ɗaure, a ɗora a sama, nesa da danshin ƙasa.

Kada ki tsorata in kika ga kwando guda ya koma ɗan ƙulli. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, shi ne ya tafi. In za a yi miya, a jiƙa a ruwan ɗumi, a niƙa da albasa. Ga shawarar da wata Hajiya ta ba mu a Tarauni: a haɗa kauɗar da busasshen tattasai da ɗanyen tumatir ƙwaya biyu ko uku, miya ta yi ja, ba mai cewa ta kauɗa ce. Haka ake shanya tattasai da attaruhu. Ganyen albasa ma ba a zubar da shi, a daka a shanya ya zama gabu.

Albasa kuwa ba a shanya ta a rana. A zaɓi wadda wuyanta ya bushe, a baza ta a inuwa inda iska take shiga, a kan katako ko kwando, ba a leda ba. A riƙa dubawa duk mako, a cire wadda ta yi laushi kafin ta shafa wa 'yan'uwanta.

Akwai masu niƙa tumatir su tafasa su ɗura a kwalba. Hanya ce mai kyau, amma tana da ƙa'idojin da in aka kuskure su abin zai lalace ya cutar. Kada a gwada sai an koya a wurin wadda ta iya.

Lokaci fa shi ne komai a nan. Wadda ta bari sai Mayu, ta tarar tumatir ya hau, ga hadari ya fara haɗuwa. Da sanyin safiya ake kama fara.

Kashi na uku: Damina, tukunya ta koma ganye (minti 15)

Ga mai jagoranci: a tambaya, miya nawa muka iya da ba ta bukatar tumatir, ko ɗaya ko biyu sun ishe ta? A rubuta duk abin da aka faɗa. A ƙungiyoyin da na je, ba a taɓa tsayawa ƙasa da shida ba: kuka, ɗanyar kuɓewa, busasshiyar kuɓewa, lalo, karkashi, yakuwa, zogale da gyaɗa, taushe.

To me ya hana mu yin su? Mu faɗa wa juna gaskiya. Yara sun saba da shinkafa da miyar dage-dage, da taliya. Wasunmu kuma suna ganin kwaɗon rama abincin wanda ba shi da hali ne, kada maƙwabciya ta leƙo ta gani. Wallahi wannan tunanin yana ci mana kuɗi. A watan da tumatir yake nema ya gagari talaka, a watan ne zogale da rama da alayyahu suke arha kamar a ba ka kyauta, ga su sabbi, daga ƙauyukan da ke kewaye da mu ake shigo da su da asuba. Ba su hau babbar mota sun kwana a hanya ba.

Ga amfani kuma. Ganye mai duhun kore yana da sinadarin ƙarfe da ke taimaka wa jini, da bitamin A. Mai ciki da mai shayarwa da 'yanmata sun fi kowa bukatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana. Ba sai mun nemo sikeli ba: a sa ganye a abinci biyu, a sha ɗan itace ko ɗaya ne. Abubuwa huɗu za su ƙara amfanin:

- A wanke ganye kafin a yanka, ba bayan an yanka ba.
- Kada a dafa shi har ya yi baƙi, kuma a rage kanwa, tana kashe wasu sinadaran.
- A sa ɗan mai, manja ko man gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli. Bitamin A sai da maiƙo jiki yake ɗaukarsa sosai.
- A matsa lemon tsami ko a haɗa da ɗanyen tumatir kaɗan, a kuma jinkirta shan shayi bayan cin abinci, don jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙarfen.

Nama ya yi tsada, mun sani. Amma damina tana zuwa da ƙwan zabi, nono ma yana yawaita don shanu sun samu ciyawa. Ga wake, ga awara, ga gyaɗa, ga daddawa. Dambun tsaki da zogale da gyaɗa cikakken abinci ne. Haka faten tsaki da rama ko yakuwa. Garau-garau a yanka masa alayyahu ko a ci da kwaɗo a gefe. Ga yara na goye, wata 6 na farko nonon uwa zalla. Daga nan a fara kunun gero ko dawa mai kauri da garin gyaɗa ko waken suya, a riƙa sa garin zogale kaɗan, da dafaffen ƙwai, ana ci gaba da shayarwa.

Ba cewa muke a daina miyar tumatir ba. A tsara mako ne: misali kwana biyu dage-dage da kauɗa, kwana biyar a zagaya sauran. A fara da wadda maigida ya fi so, don a samu goyon bayansa.

Wadda take da ɗan fili ko da bakin rariya ne, ta cika tsohon buhu ko fasasshen bokiti da ƙasa da taki, ta watsa irin alayyahu. Cikin wata guda ana fara tsinka. Zogale kuwa reshe ake kafawa da farkon damina, ya kama.

In ruwa ya fara ja baya a ƙarshen Satumba, sai a juya: yanzu ganye da kuɓewa ne za a shanya don rani. Kuɓewa a yanka a shanya a rana. Zogale da sauran ganye a inuwa, don kada korensu ya tafi. Cikin marka ba a shanya mai yawa, fumfuna ce za ta cinye.

Kashi na huɗu: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka (minti 10)

Mace ɗaya ba za ta iya sayen kwando ta biya kuɗin mota ita kaɗai ta ci riba ba. Mata goma za su iya. Mu da ke Hotoro, 'Yankaba ce kasuwar kayan gwarinmu. 'Yan Gyaɗi-Gyaɗi, 'Yan Lemo ta Na'ibawa tana kan hanyarku, can ake sauke mangwaro da kankana da lemo. Kasuwar Tarauni ta ƙananan saye ce. Hatsi da buhu kuwa Dawanau, kan hanyar Katsina.

Ga lissafin misali: kwando 2 a naira 15,000 kowanne, 30,000 ke nan. Kuɗin adaidaita sahu da dako 4,000. Jimla 34,000. Mata 10, kowa 3,400. Kafin a ce an ci riba, a tambaya: da wannan 3,400 ɗin, tumatir nawa zan samu a bakin layi yau? In bambancin bai taka kara ya karya ba, a haƙura. Kada a manta da wanda zai fashe a ƙasan kwando, shi ma a lissafa shi.

Ƙa'idojin da suka hana rigima a ƙungiyoyin da suka gwada:

1. Kuɗin saye daban, kuɗin akwati daban. Ba a taɓa asusun jin ƙai don cefane.
2. Mutum biyu ne suke zuwa kasuwa, ba ɗaya ba, kuma a tafi da sassafe lokacin da ake sauke kaya.
3. A buga waya a ji farashi kwana ɗaya kafin a tafi.
4. A ce a zazzage kwando a gani. Na sama ado ne.
5. Rabo a gaban kowa, da kwano ɗaya, a ranar da aka sayo. Buhun hatsi kan ba da kwano 40 ko kusa da haka, a auna a gani kafin a raba.
6. Magatakarda ta rubuta abin da aka kashe har kuɗin ɗan dako.

A gidaje da yawa maigida ne yake cefane, wasunmu kuma ba sa fita kasuwa. Wannan ba ya hana komai. A kai masa lissafin a rubuce, a nuna masa abin da za a rage. Wata ƙungiyar mijin ɗaya daga cikinsu mai adaidaita sahu ne yake sayo musu. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a hana yarinya makaranta don aiken kasuwa. In kuma a cikinmu akwai mai sayar da kayan miya a gida, kada sayenmu ya kashe mata kasuwa. Ita ta san dillalai, ita ta san kaya. A sa ta jagoranci sayen, a yanka mata ladanta.

Hattara da abubuwa huɗu (minti 5)

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, wani lokacin ma asibiti take kai mutum.

- Ruɓaɓɓen tumatir, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. Fumfunar gyaɗa da masara tana da dafi mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. A tsince a zubar, kada a yi ƙuli ko kunu da su.
- Mangwaro da ayaba da aka nunar da sinadarin kabaid. NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. In bayan ya yi rawaya, cikin kuma da tauri da tsami, babu ƙanshi, a bar shi.
- Maganin ƙwari a cikin wake. Kada a zuba wa abinci maganin feshi ko na sauro. A busar da wake sosai, a cika jarka mai tsafta har baki a toshe, ko a yi amfani da buhun PICS mai leda biyu a ciki. In iska ba ta shiga, ƙwarin mutuwa suke yi.
- Ɗanyen ganye a damina. Lokacin amai da gudawa ne, wasu lambunan cikin gari kuma da ruwan kwata ake ba su ruwa. A wanke da ruwa mai tsafta sau uku, abin da za a iya dafawa a dafa. In gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, a tafi asibiti, kada a jira gobe.

Kashi na biyar: Akwati da kalanda (minti 5)

Irin wannan adashe namu na akwati a yankin Maraɗi aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Dubarar da ta rage mana ita ce mu haɗa ranar rabon kuɗi da lokacin kasuwa. In ƙungiya ta yi rabo a Yuli, kuɗin a cefanen tsada zai narke. In ta yi a Nuwamba, ya tarar da sabon hatsi. In a Fabrairu, ya tarar da tumatir da tattasai. Ku duba kalandar da kuka zana, ku tattauna lokacin da za ku fara zango na gaba.

Sai dai a kiyaye. Sayen abin da gida zai ci daban, sayen buhuna da rance don jiran tsada daban. Farashi ba ya da alƙawari. A 2025 hatsi ya sauko maimakon ya hau, masu ajiya da yawa sun yi asara. Ɓoye abinci don mutane su shiga ƙunci kuwa, malamanmu sun sha faɗa mana addini ya hana. Wadda za ta ci rance don sana'ar kauɗa ko busasshiyar kuɓewa, ta fara da kaɗan, ta san masu sayenta, ta kuma san inda za ta biya in kaya bai tafi ba.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane abinci ne ya fi cin kuɗin gidanki daga Yuni zuwa Agusta?
2. Wace miya ce mahaifiyarki take yi da damina wadda ke kika daina? Me ya sa?
3. Wace hanya za ki bi ki shawo kan maigida da yara?
4. Mu nawa ne za mu shiga sayen farko, kuma su wa za su je?

Aikin gida

Kowa ta riƙe lissafin cefanenta na kwana 7. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗanta ya rubuta mata, ko ta ja layi a takarda, kowane layi naira 100. Sannan kowa ta dafa miya ɗaya da ba ta tumatir ba, ta zo ta ba mu labarin yadda gida ya karɓe ta. Masu shiga sayen haɗin gwiwa su zo da kuɗinsu a zama na gaba, daban da na zubi.

Rufewa

Shugaba ta maimaita abin da aka yanke: me za a saya, nawa kowa za ta kawo, su wa za su je, wace rana. Magatakarda ta rubuta. A bitar watan Yuni za mu buɗe littafin zubi mu gwada shi da na bara, mu ga ko hannuwan sun tsaya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa abin da muka tara albarka, Ya rufa mana asiri. A rufe da addu'a.